Wushiryar da Na Kai a Toshe

Shekarun baya, lokacin ina 'yar shekara goma sha uku kuma ina ganin duniya ba ta da aikin yi sai kallon bakina, na tayar wa gidanmu rigima a kan haƙora biyu. Na gaba, na sama. Allah ya yi su manya, farare, lafiyayyu, sai dai kamar sun yi faɗa tun kafin su fito, kowanne ya ja gefe ya bar hanya a tsakani. Kuma ba ƙaramar hanya ba. Idan na yi dariya a falo, wanda yake kicin zai iya hango abin da na karya da shi.

A nan Doha aka haife ni, a Ain Khaled na tashi. Hausata ta cikin gida ce: ta aike, ta abinci, ta faɗa. Na iya cewa "ba ni na fasa ba" da murya kala-kala, amma akwai kalmomi da yawa da nake ji in yi musu fassarar kaina in wuce. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kunyata ni daga baya.

A shekarar nan rabin ajinmu suka sa wayar haƙori. Yau wannan ta zo da mai shuɗi, gobe waccan ta zo da mai kore, ana ta baje baki ana nuna wa juna kamar sabuwar sarƙa. Ni kuwa wani yaro mai zama a bayana ya raɗa wa haƙorana suna: wurin fakin. Kullum sai ya taɓo ni ya tambaya ko akwai fili, wai babansa yana shan wahalar neman inda zai ajiye mota. Na yi dariya tare da su, na kuma buga masa littafin lissafi a ka, amma abin ya bi ni gida. Na fara dariya da hannu a baki. A hoton aji na shekarar, in kun gani, za ku rantse ƙosai mai zafi na ɓoye a kumatu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa barina in rufe baki ba, kakata ta wajen uba da ke Zariya. Duk Juma'a mahaifiyata takan kira ta a bidiyo, a gaisa, sannan a karanto mata laifuffukana na mako. Na zuba wa ƙanina gishiri a shayi. Na koya wa akun maƙwabta kiran sunan maigidan da muryar matarsa. Ni kuma ina gefe ina washe baki, sai Kaka ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar ta ce, "Ji ta, mai wushirya." Tun ina ƙarama haka take cewa, kuma kullum bayan an gama kai ƙarata ne. To me za ku ce in ɗauka? Na yanke hukunci cewa wushirya na nufin rashin ji. Har ƙanina na taɓa ce wa ya cika wushirya ranar da ya jefa rimot a bokiti. Abin da ke bakina kuwa giɓi nake ce masa, kuma giɓin nan nake so a toshe.

Na yi kuka. Na yi fushi. Na shiga yajin cin abinci mai tsanani daga azahar har la'asar. A ƙarshe Umma ta gaji ta ce to, za a kai ni, amma da sharaɗin kada in kuskura in faɗa wa Kaka. Na ɗauka don tsohuwar tana tsoron asibiti ne, na ce ba komai.

Asibitin farko a Al Mirqab yake, irin wanda kake jin kunyar taka tayil ɗinsa da takalminka. Bango duk hotunan baki ne, manya-manya, kowanne haƙora a jere kamar an auna da rula, dasashi kuma ruwan hoda. Likitan mutumin kirki ne mai taushin murya, sai habibti, wato 'yar lele da Larabci, yake ce min. Ya leƙa, ya ce abin da ke damuna sunansa diyastema, kuma waya za ta rufe shi tsaf. Wallahi daɗi na ji. Ashe cuta ce da ni mai suna, irin wadda za a faɗa a makaranta a tausaya wa mutum.

Sai ya ɗaga leɓena na sama. Ya ƙara haske. Ya juya wajen Umma, cikin ladabi, ya tambaya ko ina shan wani abu mai hayaƙi, shisha ko makamancinta, don yaran yanzu sai a hankali. Dasashina ya yi duhu, in ji shi. Idan ba hayaƙi ba ne to launi ne kawai ya taru, kuma akwai na'urar leza da za ta kankare shi ya koma kamar na hoton can.

Kallon da Umma ta yi min a ɗakin nan, da leza ce da ta gama aikin kyauta.

A mota aka buɗe kotu. Ta shinshina hijabina, ta zazzage jakata, ta tambayi sunan uban kowace ƙawata. Rantsuwa nake tana cewa ai dama ta san shirun da na yi kwanan nan ba na alheri ba ne. Da danja ta tsayar da mu na ce, Umma, don Allah sauke madubin nan ki ɗaga leɓenki. Ta harare ni, amma ta sauke. Nata ya fi nawa duhu nesa ba kusa ba. Na bari aka ba mu hannu muka wuce, sannan na tambaye ta a hankali tun yaushe ta fara, kuma ko Abba ya sani. Ranƙwashin da na sha har yanzu in ana sanyi ina jin wurin.

Na yi ta dariyar abin har gida. Amma da yamma na wuce ta ƙofar ɗakinta na gan ta tsaye a gaban madubi, ta ɗaga leɓe da yatsa tana kallo. Matar da ta haifi 'ya'ya, ta koyar da ɗalibai ba iyaka, tana duba bakinta kamar yau aka ba ta shi kuma an ba ta wanda ba daidai ba. Ban shiga ba. Ban kuma yi mata tsiyar ba, wanda a tarihina abin a rubuta ne.

Mahaifina injiniya ne a wajen gas, kuma yana da doka ɗaya da yake kawowa gida daga wurin aiki: ba a taɓa bututu sai mutum biyu sun duba. Da ya dawo aka ba shi labari, ya daɗe yana kallona yana shafa gashin bakinsa, wanda a ƙarƙashinsa shi ma akwai 'yar siririyar hanya da ba kowa ya sani ba. Bai ce kada a yi ba. Cewa ya yi a nemi wani likitan ya gani tukuna. Matar wani abokin aikinsa ta yi mana kwatancen wani ƙaramin asibiti a Al-Sadd, ta ce akwai likita mai hannu a can. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Asibitin a saman wani shagon lemo yake, ba hotuna, ba ƙyalli. Matar da ke kan tebur a bakin ƙofa ta nuna mana ɗaki ta ce mu shiga. A ciki muka tarar da wata baƙar mace, gajeriya, cikin shuɗin kayan aiki da takunkumi, tana jera ƙarafa a kan faranti. Umma ta gaishe ta da Turanci, ta zauna, ta tambaye ta yaushe likita zai shigo. Matar ta ce yanzu, ta ci gaba da abin da take yi.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda muke da Hausa. Ɗakinmu ne na sirri da muke yawo da shi. A lif, a jirgin ƙasa, a layin biyan kuɗi, mu yi gulmar mutum yana tsaye a gabanmu muna yi masa murmushi. Don haka Umma ta karkato ta ce min Allah dai ya sa mai sharar nan ta wanke hannu, ga ta sai taɓa kayan likita take. Ni kuma, da yake ba a barina a baya, na ce Umma bar ta hannu, dubi takalmanta, kamar kwale-kwale biyu.

Matar ta ajiye farantin. Ta je wajen famfo ta wanke hannu, ta wanke, ta sake wankewa, har tsakanin yatsu, har gwiwar hannu, a tsaye daidai inda Umma za ta gani da kyau. Ta sa safar hannu. Ta ja kujerar likita ta zauna, ta taka wani abu, gadon da nake kai ya kwanta da ni. Umma ta ɗan miƙe, bakinta a buɗe. Matar ta ce min da Turanci in buɗe nawa, ta sa ɗan madubinta, ta duba sama, ta duba ƙasa.

Sannan ta ce, "Masha Allah. Wushirya."

Ban ma lura da cewa Hausa ta yi ba. Abin da ya zo min shi ne, shi ke nan, ashe a haƙori ake gani. Gishirin shayi, aku, littafin lissafi, duk suna nan a rubuce a cikin bakina, matar nan ta karanta. Da madubi a baki da komai na ce, "Wallahi na daina."

Sai a lokacin kwale-kwale ya faɗo min a rai. Na juya ido wajen Umma. Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance a cikin mayafi irin haka ba, da ƙasa za ta tsage da ta riga ni shigewa.

Likitar ta sauke takunkumi. 'Yar zangon Kumasi ce, a Gana, kuma Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta ce wa Umma, "Hajiya, na wanke, ka gani ko?"

Umma ta shiga ba da haƙuri, Hausa na karo da Turanci, har da Larabcin da ba ta iya ba. Likitar ta ce ta bar shi, ba ita ce ta farko ba ko a ranar. Ta ce akwai masu aikenta ta kawo musu ruwa, akwai masu miƙa mata yaro ta riƙe kafin likita ya zo, akwai kuma waɗanda in sun gane ita ce sai su tuna suna da wani uzuri, su koma wajen tebur su nemi a canza musu rana. Duk ta saba. Wanda dai bai daina yi mata ciwo ba, in ji ta, shi ne in namu ne suka yi. Tana dariya ta faɗa. Umma ba ta yi dariya ba.

Don ta sauƙaƙa wa Umma, ina jin, sai ta juyo kaina ta tambayi me na daina. Na yi mata bayani tsakani da Allah, cewa wushirya ai rashin ji ne, kakata ce take faɗa min. Sai da ta ajiye kayan aikinta. Ta yi dariya har ta dafa bango, har matar tebur ta leƙo ta ga ko lafiya. Umma ma da take neman hanyar fita daga kunya ta samu, ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Ni ina kwance kamar kifi a faranti, ana dariyata ta sama.

Da ta nutsu ta tambaye ni, to abin da ke tsakanin haƙoran nan me nake ce masa. Na ce giɓi. Ta girgiza kai ta miƙo min madubi.

"Giɓi, abu ne ya fita ya bar wuri. Nan me ya fita? Ƙirga, duk suna nan. Wannan da shi aka yi ka. Shi ne wushirya."

Na kalli Umma ina jiran ta ƙaryata. Sai ga shi tana ba da shaida. Wai a Zariya lokacin suna 'yan mata har wajen masu sassaƙa haƙori ake zuwa a buɗe wa mutum ita. Wai Kaka da ƙuruciyarta in za a yi kwatancen gidansu da wushiryarta ake yi. Wai ita kanta Umma ta yi shekara tana cusa tsinken tsintsiya a tsakanin haƙoranta ko Allah zai sa su matsa, ba su matsa ba. Na ce Umma, kina da wannan labarin kika bar ni ina yajin cin abinci? Ta ce ta ga ina kuka ne, kuma nan ba Zariya ba ce, ta ɗauka wataƙila a nan abin ba ya tafiya.

Maganar dasashi kuwa likitar ko minti ba ta ɓata ba. Lafiyarsa ƙalau, launin da ke fatarmu ne ya sauka har can. Ta ce ba ta ga laifin likitan farko sosai ba, abin da littafi ya nuna masa ya nema. A ƙasar da ta yi karatu ita kaɗai ce baƙa a ajinsu, malamai kuwa ko ɗaya babu. Littafinsu ya ce lafiyayyen dasashi ruwan hoda ne, mai ciwo kuma ja. A shekararta ta farko sai da ta shiga banɗaki da tocila ta duba nata, ta fito tana tunanin ko wata cuta ce take ɗauke da ita ba ta sani ba. Yadda kumburi yake a baƙin dasashi ba wanda ya koya mata. In ta je hutu gida takan tara 'yan uwa a tsakar gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa baki, har yaran zango suka riƙa gudu in sun hango ta.

Ina sauraro ina kallon haƙoranta. A jere suke, a manne, irin na hoton Al Mirqab. Da yake bakina ba shi da birki na ce, ai ke kin huta, naki ba wushirya.

Sai ta ciro wayarta ta nemo wani tsohon hoto ta nuna min. Wata budurwa ce a bakin wata ƙofa mai shuɗin fenti, tana dariya da dukkan fuskarta, da wushirya wadda ta kusa tawa. Sai da na kalli hoton na kalle ta, na sake kallo, kafin na yarda.

A shekararta ta ƙarshe a makaranta, in ji ta, wani malami da yake sonta da alheri ya ja ta gefe ya ba ta shawara. Ya ce marar lafiya haƙoran likita yake fara dubawa kafin takardarsa, ita kuma dama tana da abu ɗaya da zai sa a yi mata kallo biyu, kada ta bar na biyu. Ta ga gaskiyarsa, ta sa waya. Da ta koma Kumasi da shaidar gama karatu, mahaifiyarta ta riƙe mata haɓa ta daɗe tana dubawa, ta ce sun yi aiki mai kyau, sannan ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba, alhali ba a ɗora komai a wuta ba.

Ta buɗe baki ta sa madubi ta nuna min bayan haƙoranta na gaba. Akwai wata 'yar siririyar waya a manne a ciki, inda ba mai gani. Ta ce ita ce take riƙe da su shekara da shekaru, don in aka sake su komawa za su yi inda suka fito.

Daga nan ta mayar da takunkumi ta koma likita. Ta ce min in ina so ta rufe, za ta rufe, kuma duk Doha ba wanda zai fi ta iyawa. Amma in sani ba magani za ta yi min ba, don ba ciwo a wurin. Kwalliya ce zan canza da wata kwalliyar. Ana iya yi bana, ana iya yi ina da jikoki, ba gudu haƙoran za su yi ba. Ta ce bakina ne, ba na Umma ba, ba na Kaka ba, ba kuma na yaron da ke zama a bayana ba, in je in yi tunani. Abin da ba ya buƙatar tunani shi ne turmin haƙorina na can ƙarshe, wanda shayin karak da cakulan suka haƙa wa rami har ana iya ajiye guzuri a ciki.

Ranar aka cike shi. Na yi ihu tun allura tana cikin leda.

Juma'ar da ta biyo na karya sharaɗin Umma, na faɗa wa Kaka komai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce in jira, ta sa hannu a baki ta zaro haƙoranta gaba ɗaya ta kawo su gaban kyamara. Ƙanina ya bar ɗakin a guje. Ni ban taɓa sanin na roba ne ba. Kuma a tsakiyarsu ga wushirya nan zaune daram. Ashe da nata suka zube aka yi mata waɗannan, mai yin ya kawo su a manne kamar na kowa, ta mayar masa ta ce ba nata ba ne. Ya gyara, ta ce ta yi kaɗan, ta sake mayarwa. Sai da ya buɗe ta daidai yadda take a da sannan ta karɓa. Ta mayar da su baki, ta gyara zama, ta ce ita da kuɗinta ta sayi tata, ni an ba ni kyauta ina neman wanda zai karɓe.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Yaron nan bai fasa ba. Abin da ya canza shi ne da ya sake tambayar fili, na ce masa abin yana da suna, in ya isa ya faɗa. Ya gwada. Abin da ya fito daga bakinsa ya fi kama da atishawar kyanwa. Na sa shi ya maimaita a gaban aji har malama ta shigo. Duk da haka akwai ranakun da na dawo gida na tsaya a madubi na matse haƙoran da yatsu in ga yadda zan koma, kuma ba ƙarya, yarinyar da nake gani ba ta da muni. Ba ni ba ce dai.

Da muka koma a duba cikon, likitar ta tambaye ni me na yanke. Umma ta kafa wa silin ido kamar ba ta ji. Na ce a bar ta tukuna. Ta ce khalas, wato shi ke nan, ta rubuta wani abu. Tukunan nan ce har yau ba ta ƙare ba.

Yanzu da na ɗan girma, in na tuna, ba dariyar ce take fara zuwa min ba. Umma nake gani a gaban madubi da yatsa a leɓe. Tambaya ɗaya aka yi mata cikin ladabi, ta koma tana shakkar bakin da ta rayu da shi tun haihuwa. Kuma mu ɗin nan da aka yi wa haka, mu ne muka shiga ɗaki muka ga mai kama da mu muka ba ta tsintsiya a zuci. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce baƙar mace ba ta zama likitan haƙori. Ba mu taɓa gani ba ne kawai, a nan ko a hoton bango, sai idonmu ya yanke hukunci ba da saninmu ba. Nakan yi tunanin yara nawa ne masu irin bakina suke kwance a irin gadon nan a garuruwan da ba ta nan, ana gaya musu sunan cutar da ba su da ita.

Umma dai ta tuba, tuban da ya wuce gona da iri. Duk baƙin mutumin da ta gani cikin kayan aiki yanzu Dakta ne har sai ya musa. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya sha wannan girma, bai kuma musa ba. Ta tura wa likitar matan Hausawan Doha kaf, har sai da likitar ta roƙe ta ta sassauta. Ni kuma an sa ni a gaba wai sai na karanci haƙori. Na ce a bari mu shirya da kimiyyar sinadarai tukuna, don yanzu ko gaisawa ba ma yi. Amma ban ce a'a ba, kuma a gidanmu an san abin da hakan yake nufi.

Bara na je a duba ni kamar kullum. Kafin in kwanta ta rufe ƙofa, ta sauke takunkumi, ta washe min baki kamar yarinya ta sa sabon ɗan kunne. Da farko ban ga komai ba. Sai da na matsa na hango wani ɗan siririn layi a tsakanin haƙoranta na gaba, wanda zare ma sai ya yi azumi zai wuce. Ta sa an cire siririyar wayar nan ta bayan haƙoranta. Ta ce mahaifiyarta ta tsufa, ido ya fara rauni, ita kuma za ta je gida da babbar Sallah.

"Ina so ya buɗe yadda zai gani ba sai ya sa tabarau ba," in ji ta. Mahaifiyar take nufi. "Kana ganin zai kai?"

Na riƙe mata haɓa, na juya fuskarta wajen haske, na duba da kyau kamar yadda take yi min. Na ce mata ta yi haƙuri, ta rage taɓawa da harshe, tawa ma ba a rana ɗaya ta kai haka ba.

Ta ce na gode, Dakta. Sannan ta taka abin nan gadon ya kwanta da ni, ta leƙa, ta ce akwai sabon rami a hagu.